Yadda Ake Zaɓen Harsashin Raifil Don Farautar Barewa a Amurka da Turai

A kantin sayar da kayan farauta a Amurka, mutum zai iya tarar da kwali goma na harsashin .308 (lambar tana nuna faɗin ƙwayarsa da inci) jere a kan kanta ɗaya. Dukansu za su shiga bindiga ɗaya, dukansu za su tashi in an danna kunama, amma aikin da za su yi a jikin barewa ya sha bamban. Wani zai huda ta ya wuce bai yi ɓarnar da za ta kashe ta da wuri ba, wani zai tarwatse a kan kafaɗa ya bar ta da mummunan rauni ta shige daji, wani kuma zai ratsa huhu biyu ta faɗi cikin daƙiƙa kaɗan. Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso, albarushi, ɗan maƙyastun da ke gindinsa, da ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga. Ƙwayar nan ita kaɗai ke taɓa dabba, kuma a kanta wannan jagora ta tsaya. Abin da ake nema shi ne ƙwayar da ƙirarta ta dace da gudun da za ta isa jikin barewa da shi. Sauran matakan duk hanyar gano wannan ne.

Mataki na farko: duba dokar inda za ka yi farauta

Kafin ka kashe ko sisi, karanta dokar wurin, domin ita ce za ta fara rage maka zaɓi. A Ingila da Wales, dokar barewa ta 1991 ta ce faɗin ƙwaya kada ya gaza inci .240, ƙarfinta kuma a bakin bindiga kada ya gaza fut-fam 1,700 (fut-fam ma'aunin ƙarfin bugun ƙwaya ne). An sassauta wa ƙananan barewa iri biyu, muntjac da barewar ruwa ta Sin, inda aka yarda da .220 mai nauyin giren 50 (giren ma'aunin nauyin ƙwaya ne) da ƙarfin fut-fam 1,000. Sikotilan tana da nata tsarin: ga manyan barewa ana son gudun da bai gaza ƙafa 2,450 a daƙiƙa ba da ƙarfin fut-fam 1,750, nauyin ƙwaya kuma a da giren 100 ne, sai aka mayar da shi giren 80 a 2023 don a bai wa ƙwayar tagulla hanya. Ka lura da abin da wannan ke nufi: tsohon harsashin .30-30, wanda ya ciyar da gidaje ba iyaka a Amurka tun 1895, gudunsa na yau da kullum bai kai 2,450 ba, don haka bai cika sharaɗin Sikotilan ba duk da ƙarfinsa ya isa. A Jamus kuwa, a nisan mita 100 ake auna ƙarfin, da ma'aunin jul: jul 1,000 ga ƙaramar barewar roe, jul 2,000 da faɗin milimita 6.5 ga manyan.

A Amurka kowace jiha da dokarta. Ohio da kudancin Michigan, inda ƙasa take shimfiɗe kuma gidaje ke kusa da gonaki, sun yarda da raifil mai harsashin da kwansonsa yake miƙe ba wuya, saboda ba ya cin dogon zango. Don irin waɗannan wurare ne kamfanin Winchester ya fito da 350 Legend a 2019. California ta haramta farauta da ƙwayar dalma gaba ɗaya tun ranar 1 ga Yulin 2019. Abin da kusan ko'ina aka yi tarayya a kansa shi ne dole ƙwaya ta zama mai buɗewa. Ƙwayar soja, wadda aka lulluɓe kanta ruf da ƙarfe, ba ta farauta ba ce. Abin mamaki, dokar yaƙi akasin haka ta ce: yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana sojoji harbin juna da ƙwaya mai buɗewa, alhali a daji ita ce doka ta wajabta, don a taƙaita wa dabba wahala.

Mataki na biyu: karanta abin da ke rubuce a jikin bindigarka

A jikin bututun kowace raifil an buga sunan harsashinta. Sunan nan dole ya yi daidai da na kwalin harafi da harafi. .270 Winchester daban, .270 WSM daban, .270 Weatherby daban. Akwai harsasan da za su shiga bindigar da ba tasu ba har ƙofa ta rufu lafiya, sai an danna kunama bututu ya fashe. Kada ka zuba harsasan bindiga biyu a aljihu ɗaya.

In kuma ba ka sayi bindigar ba tukuna, kada musun mafarauta ya ruɗe ka. .243 Winchester, 6.5 Creedmoor, 6.5x55 na Suwidin, 7mm-08, .270, .308 da .30-06 duk suna kashe barewa ba gardama. A ganina sabon maharbi ya fi cin riba da wadda shurinta a kafaɗa bai da zafi, domin wanda ke tsoron shurin bindigarsa zai riƙa runtse ido yana fizgar kunama, kuma babu ƙwayar da ke gyara wannan.

Mataki na uku: san barewarka, san nisanka, ka fitar da gudun

Barewa ba girmansu ɗaya ba. Muntjac ba ta cika wuce kilo 18 ba, roe tana tsakanin kilo 15 zuwa 35, namijin barewa mai farar wutsiya a arewacin Amurka yakan haura kilo 100, namijin jar barewa na Turai kuma ya fi haka. Duk da haka dukansu fatarsu ba kauri, ƙashin haƙarƙarinsu ba nauyi. Ƙwayar da aka ƙera don ɓauna ko giwa ta yi musu tauri, za ta iya ratsawa ba ta buɗe sosai ba.

Sai nisa. Mai zama a kan bishiya a kurmin Pennsylvania yawancin harbinsa bai kai yadi 100 ba. Mai bin barewa a filayen Wyoming ko tsaunukan Sikotilan yakan yi harbi a yadi 200 zuwa 300. Ka faɗa wa kanka gaskiya a nan: nisan da ka saba samun abin saiti a filin gwaji shi ne nisanka, ba wanda ka gani a YouTube ba.

Da ka san nisa mafi kusa da mafi tsawo, sai ka nemo gudun ƙwaya a waɗannan wurare biyu. Kamfanoni suna buga jadawalin a bayan kwali ko a shafinsu na intanet. Ga misali, .308 mai giren 150 yana fita da gudun ƙafa 2,820 a daƙiƙa. In kan ƙwayar na dalma ne irin na da, a yadi 300 gudun ya sauko kusan 2,000, a yadi 400 ya faɗi ƙasa da 1,800. Shi kuwa .300 Winchester Magnum da nauyi ɗaya yana fita da sama da 3,200, don haka barewar da ta ɓullo maka a yadi 40 za ta karɓi ƙwayar da gudun da ya haura 3,000. Kowace ƙwaya tana da iyaka biyu. In gudun ya yi ƙasa ba za ta buɗe ba, kuma ga yawancinsu iyakar ƙasan tana wajen 1,800. In ya yi yawa, mai laushi za ta wargaje kafin ta kai ciki. Ka kuma tuna cewa gudun da ke jikin kwali galibi da bututu mai inci 24 aka auna shi. In naka inci 20 ne, cire kamar ƙafa 20 zuwa 30 a kan kowane inci da ya ragu.

Mataki na huɗu: zaɓi ƙirar ƙwaya

Nan ne gundarin aikin, don haka bari mu ɗan daɗe.

Ƙira mafi tsufa ita ce dalma a cikin rigar tagulla, an bar kanta a buɗe. Da ta daki nama sai kan ya baje ya yi faɗi, rigar ta naɗe baya, ramin da take yi ya ninka faɗinta na asali. Remington Core-Lokt, wanda ya fito a 1939, da Winchester Power-Point da Hornady InterLock duk 'yan wannan gida ne. Suna da arha, ana samunsu a kowane kanti, kuma a gudun da ke tsakanin 1,900 da 2,800 suna yin aiki mai kyau ƙwarai a kan barewa. Rauninsu shi ne babu abin da ya manne dalmar da rigar, sai dai ɗan ƙugiya ko matsi. In gudu ya yi yawa ko suka haɗu da ƙashin kafaɗa, sukan rabu, nauyi ya zube, ratsawa ta ragu. Ga mai .308 ko .30-06 ko 7mm-08 da ke harbi ƙasa da yadi 250, ni dai ban ga dalilin wuce wannan ƙira ba in doka ba ta hana dalma ba. Mutane da yawa suna biyan kuɗi ninki biyu don maganin matsalar da ba su da ita.

Sai masu ɗan tsinin roba a ka. Nosler Ballistic Tip, wanda ya fito a 1984, da Hornady SST su ne sanannu. Tsinin yana rage jan iska, yana hana kan ƙwaya lanƙwasa a cikin gidan harsashi, kuma da ta daki nama sai ya nutse ciki ya tilasta mata buɗewa nan take. Saboda haka sukan kayar da barewa da sauri in an same ta a huhu, kuma suna buɗewa a nesa inda gudu ya ragu. Amma daga kusa, a bindiga mai gudu, suna lalata nama sosai. Kada dai tsinin roba ya yaudare ka: launi da tsini ba su nuna abin da ke ciki. Akwai masu tsinin da aka ƙera don dila da zomo, irin V-Max, waɗanda aikinsu shi ne su tarwatse da taɓawa ɗaya. Ba na barewa ba ne. Haka ma ƙwayar gasar harbi; kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar a yi farautar manyan dabbobi da MatchKing ɗinsa, duk da irin daidaiton da yake da shi a kan takarda.

Ƙira ta uku tana da tarihi. A 1946 wani maharbi ɗan Oregon, John Nosler, ya harbi wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai suna mus a British Columbia ta Kanada da .300 H&H, ƙwayoyinsa suka ƙi ratsa kafaɗar da taɓo ya bushe a kanta. Da ya koma gida sai ya ƙera ƙwaya mai ɗaki biyu da bango a tsakani: dalmar gaba ta buɗe ta zube in ta ga dama, ta baya kuma bangon ya riƙe ta ta ci gaba da ratsawa. Ya fara sayar da ita a 1948 da sunan Partition, kuma har yau da ita ake gwada sauran. Tana buɗewa a ƙaramin gudu, ba ta wargajewa a babba. In bindigarka ƙarama ce kamar .243 kuma barewar yankinku manya ne, wannan ƙira tana ƙara mata ƙarfin da lambobi ba su nuna ba.

Ta huɗu ita ce wadda aka manne dalmar da rigar, ta yadda ko ta baje ba za su rabu ba. Nosler AccuBond, Federal Fusion da Swift Scirocco suna cikinsu. Galibi sukan riƙe mafi yawan nauyinsu, alhali ƙira ta farko takan zubar da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har rabi. Mai bindiga magnum, wato mai harsashi mai gudu sosai, ko mai .270 da ke iya haɗuwa da barewa a yadi 30 da safe da kuma yadi 300 da yamma, wannan ce tasa. Fusion musamman don barewa aka yi ta, kuma kuɗinta bai yi nisa da na masu arha ba.

Ta ƙarshe ba dalma a cikinta ko kaɗan, tagulla ce zalla ko gaurayenta. Kamfanin Barnes ne ya buɗe wannan hanya da ƙwayar X a 1989, sannan TSX a 2003, wadda aka yi wa zobba a jiki don rage matsi da dattin tagulla a bututu. Hornady CX da Nosler E-Tip sun biyo baya. Kanta yakan tsage ya buɗe gida huɗu ko fiye, ta riƙe kusan duk nauyinta, kuma kusan kullum takan fita ta ɗaya gefen. Sharaɗinta ɗaya ne: tana son gudu. Tagulla ta fi dalma tauri, don haka duk da kamfanoni kan ambaci 1,800, masu amfani da ita da yawa ba sa son ta sauka ƙasa da 2,000 zuwa 2,200 a jikin dabba. Shi ya sa ake sauka mataki ɗaya a nauyi: wanda ya saba da giren 150 na dalma a .308 sai ya ɗauki 130 na tagulla, ya sami ƙarin gudu, ratsawar kuma ba ta ragu ba.

In bindigarka irin ta .30-30 ce mai jera harsasai a bututu, kan wannan na taɓa gindin wancan, to sai mai faffaɗan kai ko mai zagayayyen kai, domin tsini mai tauri zai iya tayar da na gabansa in bindiga ta yi shuri. Hornady ta fito da LEVERevolution mai tsinin roba mai laushi don warware wannan.

Mataki na biyar: nauyi da juyin bututu

Ana auna ƙwaya da giren. Giren 150 ya kama giram 9.7. Matsakaicin nauyi shi ne na barewa: giren 90 zuwa 100 a .243, 120 zuwa 143 a 6.5, 130 zuwa 150 a .270, 140 a 7mm-08, 150 zuwa 165 a .308 da .30-06. Giren 180 a .30-06 zai yi aiki, sai dai shurinsa ya fi yawa ba tare da barewar ta ƙara mutuwa ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne juyi. A cikin bututun raifil akwai zane mai murɗe da ke juya ƙwaya kamar katantanwar yara, kuma juyin nan ne ke riƙe kanta a gaba. Ana rubuta shi kamar 1:10, wato juyi ɗaya a kowane inci goma. Doguwar ƙwaya tana buƙatar juyi mai sauri. Kamfanin Remington ya sha wannan darasi: a 1955 ya fito da .244 da juyin 1:12, wanda ba ya riƙe doguwar ƙwaya mai giren 100, alhali .243 na Winchester da ya fito a shekarar yana da 1:10. Mafarautan barewa suka koma wajen Winchester, har sai da Remington ya sauya wa nasa suna zuwa 6mm Remington a 1963 da juyin 1:9. Wannan ya shafi mai sayen tagulla kai tsaye, domin tagulla ba ta kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayarta ta fi tsawo a nauyi ɗaya. .243 mai juyin 1:10 yakan yi kyau da tagulla giren 80 ko 85, amma in aka haura sai ka ga ramukan da ke jikin takarda sun zama masu tsawo maimakon zagaye, alamar ƙwayar tana tangaɗi.

Mataki na shida: tuna wa zai ci naman

Ƙwayar dalma mai saurin buɗewa tana watsa ƙananan ɓarɓashi waɗanda ido ba ya gani. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota ta yi gwaji a 2008 da na'urar hoton ƙashi, ta ga ɓarɓashin ya yi nisa da ramin harsashi fiye da inda mahauci ke yankewa. Dalma guba ce, ta fi cutar da yara ƙanana da mata masu juna biyu, kuma naman da aka niƙa ya fi ɗauke da ita tunda injin yana gauraya komai. Kayan cikin da ake bari a daji kuma su ne ke kashe mikiya da ungulun kondo, wanda saboda shi California ta fara taƙaita dalma a 2008. In gidanka da yara, tagulla ta fi kwanciyar hankali. In dalma za ka yi amfani da ita, ɗauki manniyar ƙira, ka yanke naman da ke kewaye da raunin da hannu sake, ka zubar.

Mataki na bakwai: bari bindigar ta yi nata zaɓin

Bindiga biyu daga masana'anta ɗaya za su iya son harsashi daban-daban. Sayi kwali ɗaya ɗaya na iri biyu ko uku da suka cika sharuɗɗan sama. A filin gwaji ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka harba uku ko biyar a yadi 100, ka bar bututu ya huce, ka sake. In za ka koma tagulla daga dalma, wanke bututun tukuna. Wurin kisa a ƙirjin barewa mai farar wutsiya faɗinsa inci 8 zuwa 10 ne, don haka harsashin da ke tara harbinsa cikin inci ɗaya da rabi a yadi 100 ya wadatar har yadi 300. Kada ka bar ƙwaya mai kyan aiki don wata ta fi ta da rabin inci a takarda. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda harbin farko daga bututu mai sanyi ke sauka, domin shi ne za ka yi a daji.

Da ka tsayar da ɗaya, saita madubin hangen bindigarka da ita, ka gwada ta a nisa mafi tsawon da kake niyya, a zaune ko a durƙushe kamar yadda za ka kasance a farauta. Sannan ka koma kanti ka sayi kwali biyu ko uku masu lambar rukuni ɗaya. Lambar tana jikin leɓen kwalin. Duk ranar da ka sauya nauyi ko kamfani, sai ka sake saiti, ko da sunan harsashin bai canza ba.

Mataki na takwas: haɗa ƙwayar da wurin da za ka saita

Mai laushi, irin mai tsinin roba, a saita ta bayan kafaɗa, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, barewa tana tsaye a gicciye. Kada a gwada ta da ƙashi, kada kuma a harba ta in dabbar ta karkace sosai. Tagulla da manniya suna jure ƙashi, har ma sukan fi buɗewa in sun taɓa shi, don haka ana iya matso da saiti kan kafaɗa kaɗan. Barewar da aka ratsa wa huhu biyu takan ruga yadi 50 zuwa 100 kafin ta faɗi, kuma wannan ba gazawar harsashi ba ce. A nan ne ramin fita ke da amfani, domin shi ke zubar da jinin da za ka bi a cikin ciyawa da duhun magariba. Ƙwaya mai fita kuma tana ci gaba da tafiya, saboda haka sai ka san abin da ke bayan barewar kafin ka taɓa kunama.

Ga maharbi Musulmi akwai ƙarin dalilin neman ƙwaya mai hudawa da zubar da jini. A hadisin Adiyyu bn Hatim an bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da gefensa, aka halatta na farko. Ka yi bisimilla lokacin harbi, in kuma ka iske ta da sauran rai ka yanka ta nan take.

Lokacin fiɗa, duba aikin da ƙwayar ta yi. In ramin shiga ya yi faɗi, naman kafaɗa ya dagargaje, ba ramin fita, kuma ka tsinci rigar tagulla ba dalma a ciki, ƙwayar ta yi wa gudunka laushi. Koma manniya ko ka ƙara nauyi. In ramin fita bai fi na shiga ba, huhu kuma bai lalace sosai ba, ta yi tauri ko nisan ya yi mata yawa. Rage nauyi don gudu ya ƙaru, ko ka rage nisan harbinka. Rubuta nisa, wurin da ta shiga da tazarar da barewar ta yi a bayan kwalin, amma kada ka yanke wa harsashi hukunci da barewa ɗaya, sai ka ga abu ɗaya ya maimaitu sau uku ko huɗu.